Makin Da Ba Nawa Ba

Masu bina a wannan shafi, ku yi min afuwa, na kwana biyu ban leƙo ba. Wasunku har sun turo saƙo suna tambaya ko an ɗaura ne na ɓuya. Ba a ɗaura ba. Abin da ya hana ni rubutu shi zan ba ku yau, kuma ina roƙon duk mai niyyar yanke min hukunci ya bari sai ya kai ƙarshe.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu. Tun rasuwar Baba daga ni sai Mama muke zaune, Yaya tana gidan mijinta. Tarihi na karanta a jami'a, shi kuma nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Wato dai sana'ata bin labarin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Yadda aka yi na faɗa harkar kwamfuta kuwa, shugabar makarantarmu ce ta miƙa min mukullin ɗakin kwamfutoci don ni ce ƙarama cikin malamai, ta ce in riƙa sawa ana sharewa. Na shiga shara, na ɓige da kunnawa. Ana haka har na koyi rubuta kod, wato umarnin da ake jera wa kwamfuta layi bayan layi, na haɗa wani ɗan shiri da ke tsara mana jadawalin darussa ba tare da an tura malami ɗaya aji biyu a lokaci guda ba. Ranar da abin ya yi aiki na zauna ni kaɗai a ɗakin ina dariya. Duk karatuna na baya labarin abin da wasu suka yi ne, wannan ne karo na farko da na yi abu da hannuna ya motsa.

Shi ya sa na nemi digiri na biyu a ilimin kwamfuta, a wata jami'a ta ƙasar waje mai koyarwa ta intanet. Sun karɓe ni, amma da sharaɗi. Wanda ya fito daga wani fanni sai ya ci darussan share fage kafin a kira shi ɗalibi na gaske. In ya faɗi darasi yana iya maimaitawa. In kuwa aka kama shi da aikin da ba nasa ba, an rufe masa ƙofa ke nan, babu dawowa. Na ci na farko da ƙyar, na biyu da ɗan dama-dama. Saura na ƙarshe.

Mama ba ta taɓa yarda cewa karatu nake yi ba. Takan tsaya bakin ƙofar ɗakina da tsintsiya a hannu ta ce, "Auta, wai karatun da babu aji, babu malamin da zai gan ki ya ce sannu, shi ne kike wa wannan ramar? Dubi wuyanki."

"Akwai malama, Mama. Ga ta nan."

"Wannan tsohuwar ta cikin kwamfuta? Kullum maganar jiya take maimaitawa, ko numfashi ba ta canzawa."

Bidiyon darasi take nufi. Na gaji da bayani na bar ta.

Sai kuma Injiniya. Haka Mama take kiransa, haka duk dangi suka ɗauka, har ni ma bakina ya saba. Ya gama wannan digirin a wannan jami'ar 'yan shekarun baya, yana aiki a wani kamfanin haɗa manhaja. A wani taron horar da malamai muka haɗu, shi yana koyarwa, ni ina layin gaba ina damunsa da tambaya. Mutum ne mai farar riga da ba ta san tamoji ba, da tabarau mai siririn ƙarfe, da wani turare mai sanyi da ke zama a falo bayan ya tafi. Ba zan ɓata shi a wurinku ba don ina cikin fushi. Shi ya nuna min jami'ar, shi ya saita min kwamfutata da hannunsa, har lambar sirrin buɗe ta tare muka zaɓa. Yana tuna ranar da maganin hawan jinin Mama zai ƙare fiye da ni. Ina son shi, kuma har yanzu da nake wannan rubutun ban daina ba, shi ne abin da ya fi ci min rai.

Manya sun zauna, an yi magana, lokaci kawai ake jira. Ni ce na ce a dakata sai na gama share fage. Tun daga ranar Mama take kallon kwamfutar nan a matsayin abin da ya tsaya tsakaninta da ganin autarta a ɗaki.

Babban aikin darasin ƙarshe shi ne a rubuta kod da zai nemo hanya mafi gajarta tsakanin garuruwa a taswira. Da na karanta tambayar sai na ji kamar an kai ni gida, don a jami'a bincikena a kan fatake na zamanin da ne. Kowane abu a cikin kod ana raɗa masa suna, kuma mai rubutu ke zaɓa. Sai na kira garuruwan zango, jerin waɗanda ake jira na kira shi ayari, nisan da aka ci na kira shi guzuri. Mataimakin malamar ya taɓa tambayata ma'anarsu, na yi masa bayani, ya ce ba laifi matuƙar na sa fassara a gefe.

Kod ɗin yana aiki, amma tafiyar raƙumi yake yi. A ƙaramar taswira ya ba da amsa daidai. Da an ba shi babba sai ya tsaya yana tunani har lokacin da aka ware ya wuce. Na juya shi ta nan, na juya ta can, na koma bidiyon tsohuwar da Mama ke faɗa har na haddace tarinta. Ranar da ya rage kwana ɗaya a rufe karɓa, na dawo daga makaranta ko hijabi ban cire ba na zauna gabansa, ya sake tsayawa a wuri guda. Na kifa kaina a kan tebur na yi kuka mai sauti. Ban san Mama tana bakin ƙofa ba sai da na ji ta dafa kafaɗata.

"Me ya yi zafi haka?"

"Ya ƙi, Mama. Kaina ne ba na wannan karatun ba."

"To ba ga Injiniya ba? Ki ce ya duba miki mana."

"Ba a yi. Doka ce. In ya taɓa min, sata ce."

"Sata tsakanin mutum da wadda zai aura?"

"A wurinsu haka ne."

Ta taɓe baki ta fita. Na ɗauka maganar ta mutu a nan.

Washegari da safe na tura aikin yadda yake. Na lissafa, ko rabin maki na samu zan tsallake da ƙyar, kuma nawa ne. Jami'ar tana barin mutum ya sake turawa sau nawa ya ga dama kafin a rufe, na ƙarshe shi ake dubawa, amma ni na riga na sallama. Na rufe kwamfutar, na bar ta a kan tebur, na tafi makaranta inda muke tsaron jarrabawa har la'asar.

Da na dawo na tarar da Mama cikin wata fara'a da ban gane kanta ba. Ta sa atamfarta mai ruwan goro da ba ta sawa sai za ta unguwa, kofunan shayi biyu na kan faranti a falo, turaren nan mai sanyi yana tashi.

"Injiniya ya zo ne?"

"Ya leƙo gaishe ni. Laifi ne?"

Na ce ba laifi, na wuce ɗaki na kwanta. Ban buɗe kod ɗin ba. Wanda ya sha wahalar abu ba ya son sake ganin fuskarsa da wuri.

Bayan mako guda sakamako ya fito. Ina ɗakin malamai na duba a waya, na ga cikakken maki, babu ko ɗigo da ya zube. Na fita na sake shiga, yana nan. Sai na ce a raina ashe injinsu ya fi nawa gudu, ashe raƙumina ya isa zango. Ku gafarce ni, haka na yi tunani, don wanda ya ƙagu da abu ba ya tsayawa tambaya. Na kira Injiniya nan take.

"Na cinye duka. Duka fa."

Ya yi gyaran murya, sannan ya ce, "Ai na ce miki za ki iya, Malamata."

Na shiga aji na gaba na kasa riƙe bakina. Na faɗa wa yaran cewa malamarsu ta tarihi ta kayar da injin, kuma kada wadda ta bari a ce mata wani fanni ya fi ƙarfinta. Suka tafa min. Wannan tafin shi ne yake hana ni sukuni yanzu.

Kwana uku na yi ina yawo da wannan farin ciki. A na huɗu imel ya shigo daga jami'a. Aikina ya yi daidai, kusan layi da layi, da na wani tsohon ɗalibi da ya yi darasin shekarun baya. An dakatar da makina. Farfesar darasin za ta gana da ni ta bidiyo ranar Alhamis in yi bayani.

Na yi dariya ma da farko. Wane tsohon ɗalibi ne zai kira abu guzuri? Na buɗe kwamfuta don in ɗauki hoto in tura musu su ga kuskurensu.

Babu zango, babu ayari, babu guzuri. Wani kod ne gajere, tsaf-tsaf, da sunaye na Turanci, sunana ne kawai a samansa. A gefe an nuna an tura shi da tsakar rana, lokacin ina tsaye a kan yara masu jarrabawa. Na ɗauki kwamfutar na fita.

Mama tana kicin tana yankan albasa. Na tsaya a bayanta da kwamfutar a hannu.

"Mama, ranar da Injiniya ya zo, ya shiga ɗakina?"

Ba ta juyo ba. "Ni na ɗauko masa ita falo. Namiji zai shiga ɗakin budurwa?"

"Ke kika kira shi?"

"Ni na kira shi. Ina gani kina kuka kamar an yi mutuwa, ga mai maganin abin a hannu, sai in zuba ido? Ko kofin shayinsa bai huce ba ya gama. Ya ce abu ne mai sauƙi." Sai a lokacin ta juyo, ta ga fuskata. "Me ya faru? Ba kin ce kin ci ba?"

"Za su kore ni, Mama."

Wuƙar ta tsaya a hannunta. Ban jira amsarta ba na koma ɗaki na tura masa saƙo: "Ka zo yau. Na gani."

Ya amsa nan take: "Kin ga me?"

Na tura masa hoton imel ɗin. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Daga ƙarshe: "Ina zuwa bayan aiki."

Ya zo da yamma, rana ba ta faɗi ba. Rigarsa ruwan toka ce a ranar, ya cire tabarau yana gogewa da gefenta, abin da bai taɓa yi ba. Na zauna a kujerar da ke nesa da shi, na naɗe mayafina har haɓa. Mama ta zauna a ƙofar kicin inda za ta ji komai.

"Na yi kuskure," in ji shi. "Mama ta ce min ba ki cin abinci, ba ki barci. Na buɗe don in gyara miki wuri ɗaya kawai, na ga sai an sake ginin gaba ɗaya, lokaci kuma ya ƙure. Nawa na da yana cikin wayata. Na canza wasu sunaye, ban ɗauka suna ajiye ayyukan shekarun baya ba."

"Da na kira ka ina murna fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Muryarki ce ta hana ni."

"Ka san yadda na ji kwana ukun nan? Na ɗauka ni ce."

"Ki yi haƙuri."

"Nawa yana tafiya. A hankali yake tafiya, amma yana tafiya. Ka goge shi."

Ya sake sunkuyar da kai. Da ya ɗago, sai na ga akwai wata magana a bakinsa da ta fi ban-haƙurin nauyi.

"Malamata, ki saurare ni da kyau. In kika ce ni na sa miki, ba ke kaɗai abin zai shafa ba. Wanda ya ba da aikinsa, hukuncinsa ya kai a janye masa shaidar digiri ko da ya gama. Kamfaninmu da wannan shaidar suka ɗauke ni. In ta tafi, aikin ya tafi."

"To me zan ce musu?"

"Ki ce a intanet kika tsinta. Ana samun irin waɗannan a warwatse. Ki ce kin matsu ne, ki ba da haƙuri."

"Sai su kore ni."

"Wataƙila su yi miki sassauci."

"Kai ka fi ni sanin dokar 'yan share fage."

Ya ja numfashi. "Ko sun kore ki, jami'o'i nawa ne? Ni da kaina zan nema miki wata bayan biki. Amma in ni na faɗi, da me zan riƙe ki? Gidanmu nake karewa, ba kaina ba."

Abin haushin shi ne maganarsa ba ta wofi ba ce. Na san yana da ƙanne a wuyansa, na san yadda ya sha wuya kafin ya kai inda yake. Amma na kuma ji yadda ya ce "wata" kamar ana maganar canza takalmi.

"Abu ɗaya nake roƙonka," na ce. "Ranar Alhamis da la'asar ka zo ka zauna kusa da ni ka faɗa musu da bakinka. Wanda ya kai kansa ba daidai yake da wanda aka tona ba. Kada ka bari ni in faɗi sunanka."

Ya maida tabarau, ya miƙe. "Bari in yi tunani."

Ya durƙusa ya yi wa Mama sallama, ta amsa ciki-ciki.

Kafin gari ya waye labari ya kai wa Yaya. Ina hanyar makaranta saƙonninta suka fara shigowa kamar ruwan sama.

"Auta ki yi hankali."

"Mutum ya taimake ki sai ki saka masa da tonon asiri?"

"Digiri ɗaya bai ishe ki ba? Mu da ba mu da na biyun mutuwa muka yi?"

"Irin wannan mijin ba a samunsa a kan titi. Ki rufa masa asiri, gobe shi zai rufa miki."

Na rubuta mata amsa doguwa, na goge. Na rubuta "To Yaya," na tura.

Mama ma da farko layin Yaya ta bi. Ta ce namiji da aikinsa kamar gida ne da rufinsa, in yi haƙuri in ɗauke wannan, Allah zai musanya min. Ban yi mata musu ba, na daina cin abinci ne kawai ba da niyya ba. Ranar Laraba da yamma ina ninke kayan wanki a kan gadonta, ta zauna a gefe tana kallona.

"Auta, in kika ce ke kika ɗauko, me za su rubuta a kanki?"

"Cewa na saci aikin wani."

"Su rubuta haka, da sunanki?"

"Da sunana da na Baba. Haka yake a takarduna."

Ta ɗauki wani ɗankwali daga cikin wankin ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa. Na kwashe wankin na fita.

Alhamis na nemi izini na dawo gida da wuri. Na sa doguwar riga baƙa da farin hijabi, na gyara teburin, na juya kwamfutar yadda kyamara za ta kalli bango mai tsabta. Tun safe nake duba waya. Na tura masa: "Lokaci ya kusa." Alama ta nuna ya karanta. Babu amsa. Na sake turawa: "Kana zuwa?" Wannan ko buɗewa bai yi ba. Na kife wayar a kan tebur, zuciyata kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Har na danna shiga ganawar ban san me zan faɗa ba, wallahi ban sani ba.

Farfesa ta fito a allo, ta fi yadda take a bidiyo tsufa, da furfura da tabarau a kan hanci. Gefenta wani mutum ne daga ofishin ladabtarwa, bai ce komai ba sai gaisuwa. Ta yi magana a hankali, babu faɗa a muryarta. Ta ce ta duba ayyukana na baya, ta ga ina da wata hanya tawa ta raɗa suna, har ta tambayi ma'anar ayari. Ta ce ta kuma ga an turo aiki biyu a rana ɗaya, na safe da na rana, kuma ba hannu ɗaya ya rubuta su ba.

"Ki faɗa min yadda aka yi na biyun ya zo," in ji ta.

Na buɗe baki. Kalmar intanet tana kan harshena, na ji ɗacinta. Na ga fuskar Injiniya yana goge tabarau, na ga ƙannensa, na ga yaran ajina suna tafi.

Sai na ji an turo ƙofa.

Mama ce, da babban mayafinta na fita unguwa, ta ja kujerar roba daga falo tana jan ta a ƙasa. Ta ajiye ta kusa da tawa ta zauna, ta gyara zama, ta kalli allon kai tsaye.

"Mama, ba a shigowa," na ce ƙasa-ƙasa.

"Na shigo. Ki gaishe min da ita."

Farfesa ta tambayi ko wace ce. Na ce mahaifiyata ce, ba ta jin Turanci. Ta kalli mutumin gefenta, ya gyaɗa kai. Ta ce in tana da abin faɗa a kan maganar, suna saurare, ni in fassara.

"Ki ce mata," in ji Mama, "yarinyar nan ba ta gida a ranar. Ni na ɗauki kwamfutarta na ba wani. Ta hana ni, ta ce min doka ce, na raina maganarta don ina ganin ni na haife ta. Ki faɗa mata haka, kada ki rage don ki rufa min asiri."

Na fassara. Ban taɓa jin Mama ta ɗora wa kanta laifi a gaban kowa ba, ko a gaban Baba, ga shi yau da bakina nake isar da shi ga baƙuwa.

"Ki ƙara mata da cewa ni ban san karatun nan karatu ba ne sai da na ga abin da rashinsa ya yi mata. In hukunci ne, ga ni. Amma kada a rubuta wa 'yata sata, ba ta ɗauki abin kowa ba."

Na fassara wannan ma. Farfesa ta cire tabarau. Sannan ta ce in gode wa mahaifiyata, ta san zuwan nan bai zo mata da sauƙi ba. Ta ce za ta so ta yarda da mu, kuma in labarin ya tabbata za a duba aikina na safe a ba ni makin da ya cancanta, da gargaɗi a kan barin kwamfuta a hannun wani. Amma jami'a ba ta aiki da yarda kawai.

"Mu mun san mai tsohon aikin," in ji ta. "Ke ba mu faɗa miki ba. Ki rubuta min sunan wanda aka ba kwamfutar a akwatin saƙo. In ya zo daidai, maganarku ta tsaya da ƙafarta. In ba ki rubuta ba, ba ni da abin da zan kai wa kwamiti sai abin da ke gabana."

Na tambaye ta me zai same shi. Ta ce ba ita ke yankewa ba, kuma ba za ta yi min ƙarya ta ce babu komai ba.

"Me ta ce?" in ji Mama.

Na faɗa mata. Ta kalli hannuwanta.

"Ni Injiniya kawai na sani," ta ce a hankali. "Sunansa na takarda ke kika san shi. Nawa na sauke, Auta. Wannan ba zan ce miki ki yi ba, ba zan ce kada ki yi ba."

Na juya wayata. Babu saƙo, babu kira. Na ba shi dama har wannan lokacin, Allah ne shaidata, na ba shi. Na ɗora yatsuna a kan madannai na rubuta sunan da na sha gwada yadda zai zauna kusa da nawa a katin gayyata. Hawaye ya hana ni ganin harufan sosai, sai da na goge ido na tabbatar ban yi kuskure ba. Na danna, ya tafi.

Farfesa ta kalli gefen allonta, ta kalli mutumin, ta ce, "Ya yi daidai."

Ban ji daɗi ba. Na ɗauka zan ji an sauke min kaya, amma abin da na ji shi ne kamar na rufe ƙofa a kan yatsan wani. Mama ta kama hannuna a ƙarƙashin tebur ta matse.

Farfesa tana cikin bayanin matakin da zai biyo baya muka ji an buɗe ƙofar gida. Takun da na sani ne, sai kuma sallamarsa daga falo, muryar tana haki kamar wanda ya yi gudu.

"Mama, kuna ciki? Malamata, kada ki ce komai tukuna, ga ni na zo."

Mama ta dube ni, na dube ta. Sunansa yana nan a kan allo, baƙi a kan fari, babu hanyar gogewa. Kuma har ya ɗaga labulen ɗakin ban san ko ya zo ne ya faɗa da bakinsa, ko ya zo ya hana ni faɗa ba.